Daga Fage Zuwa Majigi: Tarihin Dara Singh Da Abin Da Ya Tuna Mini Game Da 'Yan Kokawarmu

Gabatarwa

Na tabbata mai karatu zai yi mamaki, ya ce me ya haɗa mujallar Ƙungiyar Hausa da tarihin wani Ba'indiye, wanda ba ɗan ƙasarmu ba ne, ba kuma mai jin harshenmu ba. To, a yi mini haƙuri in fara da faɗin dalili.

Ni mutumin ƙasar Boɗinga ne, kuma a gidan kokawa na tashi. Kawuna, watau ƙanen mahaifiyata, ɗan kokawa ne da ya yi tashe a zamaninsa. Da zarar kaka ta yi, an yanke gero an ɗaure dammuna an kai rumbu, sai ya kama hanya shi da makaɗinsa da yaransa, yau suna Sifawa, gobe Yabo, jibi Shagari ko Kajiji, duk dai inda aka ji ganga na kira. Ni ne ɗan ɗaukar masa jakar layu da butar ruwa, saboda haka na ga fage da idona tun ban san dama da hagu ba.

Cikin wani hutun makaranta a 1987, wani mutum ya zo garinmu da bidiyo da talabijin da ɗan injin wuta, ya kafa su a wani zaure kusa da kasuwa, ana biyan 'yan kwabbai a shiga kallo. A lokacin kawu ya riga ya ajiye walki, ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Da ƙyar na lallashe shi muka shiga. Fim ɗin da aka sa shi ne Mard, wanda Manmohan Desai ya shirya a 1985. Yara duk sun cika zaure da ihu saboda Amitabh Bachchan, amma shi kawu idonsa na kan dattijon da ya fito a uban jarumin. Can sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai yaro, bar batun dogon ga. Wanga tsoho shi aɗ ɗan kokuwa. Dibi wuya nai, dibi yadda shi ka aje ƙahwa. Wanga ya san ƙasa."

Kawu ba ya jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci, bai kuma san sunan mutumin ba. Sai bayan shekaru, da na shiga jami'a na yi bincike, na tarar ashe gaskiya ya faɗa. Sunan dattijon nan Dara Singh, kuma kafin ya zama jarumin fim sai da ya zama gwarzon 'yan kokawar Indiya baki ɗaya. Tarihinsa nake so in kawo a taƙaice, sa'an nan in dawo gida in yi tambaya: me ya sa shi sunansa ya tsira, namu kuwa suna ɓacewa?

Asalinsa Da Tasowarsa

An haifi Dara Singh ran 19 ga Nuwamba, 1928, a wani ƙauye da ake kira Dharmuchak, cikin yankin Amritsar a lardin Punjab, lokacin Indiya na hannun Ingilishi. Cikakken sunansa Deedar Singh Randhawa, iyayensa kuwa manoma ne mabiya addinin Sikh. Kamar yadda ya faru ga da yawa daga cikin 'ya'yan manomanmu, bai yi nisa a makaranta ba, gona ce ta ci ƙuruciyarsa.

Punjab ƙasar kokawa ce tun fil azal. Kokawarsu ta gargajiya sunanta kushti, fagenta kuwa akhara, watau wani fili da ake haƙa a tausasa ƙasarsa, a riƙa yayyafa mata ruwa da mai. Ɗan kokawa, wanda suke kira pahalwan, yakan zauna ƙarƙashin maigidansa shekara da shekaru, yana shan madara da man shanu, yana kiyaye jikinsa. A wannan yanki na Amritsar ne aka haifi shahararren ɗan kokawar nan Musulmi, Gama, a 1878, wanda a 1928 ya kayar da Bature Zbyszko a garin Patiala cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Ka ga ke nan a shekarar da Gama ya yi wannan kaye aka haifi Dara Singh, kuma da labarin irin waɗannan mazaje yaran Punjab ke tashi, kamar yadda mu muka tashi da labarin Shago a bakin Ɗan'anace.

A 1947, shekarar da Indiya ta sami mulkin kai aka kuma raba Punjab biyu tsakaninta da Pakistan, Dara Singh ya tafi ci-rani Singafo. Ya kama aikin leburanci a wata masana'antar ƙera durom, sa'an nan ya shiga koyon kokawa wurin wani maigida mai suna Harnam Singh. A nan ne ya haɗu da wata irin kokawa dabam da ta ƙauyensu, watau kokawar zamani irin ta Turawa, wadda ake yi kan dandamali mai igiyoyi, a sayar da tikiti, a biya ɗan kokawa kuɗi. Tun daga nan kokawa ta zamar masa sana'a.

Zamaninsa A Fage

Allah ya yi shi dogo ne ƙaƙƙarfa, tsawonsa ƙafa 6 da inci 2, ga faɗin ƙirji. Bayan ya yi suna a ƙasashen gabashin Asiya, sai ya komo gida. A 1954 ya kayar da Tiger Joginder Singh ya zama zakaran Indiya, aka ba shi laƙabin Rustam-e-Hind. Shi Rustam wani barde ne a cikin littafin Shahnama na Firdausi, mawaƙin Farisa, saboda haka ma'anar laƙabin ita ce barden Indiya. A 1959 ya ci kambun ƙasashe renon Ingila a Kalkata, bayan ya yi galaba kan George Gordienko na Kanada. Ran 29 ga Mayu, 1968, ya kara da Lou Thesz na Amurka a birnin Bombay, wanda aka mayar da sunansa Mumbai a 1995, ya ci kambun duniya.

Amma karawar da ta fi zama a bakin jama'a ita ce tasa da wani ƙaton Bature haifaffen ƙasar Hangari, Emile Czaja, wanda ake yi wa laƙabi da King Kong. Sun sha haɗuwa, kuma duk ranar da Dara Singh ya sunkuci wannan ƙato ya juya shi a sama ya nana da ƙasa, fili kan ɗauki sowa. Dalili kuwa a bayyane yake. Mutanen nan ba su daɗe da fita daga hannun Turawa ba, ga shi kuma suna ganin ɗan manominsu yana ɗaga Bature sama gaban dubban jama'a. A wurinsu abin ya wuce wasa, huce haushi ne.

A nan tilas mai nazarin tarihi ya yi hattara. Magoya bayansa sukan ce ya yi karawa 500 ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Wannan magana ta fi kusa da kirari, mu kuwa mun san kirari ba a kai shi gaban alƙali. Har wa yau, Lou Thesz yana da shekara 52 lokacin karawarsu, kuma kambun duniya a irin wannan kokawa ba guda ɗaya ba ne, kusan kowane kamfani da nasa. Abin da ya fi wannan duka, kokawar dandamali galibi shiri ce, masu shirya wasa sukan tsara wanda zai ci tun kafin a hau. A 1989 babban kamfanin kokawa na Amurka da kansa ya shaida wa majalisar jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗi ne, ba gasa ba. Wannan bai rage wa Dara Singh ƙarfi ba, domin ba a sunkutar ƙato irin King Kong da ƙarya, kuma ƙafar da kawu ya gani ƙafar gaske ce. Sai dai ya nuna mana cewa tun yana fage ya riga ya iya rabin aikin ɗan wasan kwaikwayo: ya san yadda ake shigowa, da yadda ake nuna an sha wuya, da lokacin da ya kamata a tashi a rama don jama'a su yi shewa.

Ya ajiye kokawa a birnin Delhi cikin watan Yuni na 1983, yana da shekara 54. Mutanen Shagari za su tuna da wannan shekara, domin a watan Janairunta ne ɗansu, Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari, ya je wannan birni na Delhi a matsayin babban baƙo a bikin ranar jamhuriyar Indiya.

Shigarsa Fim

Ya fara leƙa fim tun 1952 a cikin Sangdil, amma ɗan ƙaramin matsayi aka ba shi. Ƙofa ba ta buɗe sosai ba sai 1962, sa'ad da Babubhai Mistry ya sa shi jarumi a wani fim da aka raɗa wa suna King Kong, watau sunan tsohon abokin karawarsa. A wannan zamani fina-finan ƙarfafa na ƙasar Italiya suna tashe a duniya, musamman tun da Steve Reeves ya fito a Hercules a 1958. 'Yan kasuwar Bombay suka ga ai su ma suna da nasu ƙaton a gida, ba sai sun yi aro ba. Nan da nan aka yi ta fitar da fina-finai a kansa: Faulad da Rustam-e-Baghdad a 1963, Samson a 1964, sai Sikandar-e-Azam a 1965, inda ya fito a Sarki Iskandari.

Kada mai karatu ya ɗauka an karɓe shi hannu biyu-biyu. Manyan masana'antar sun raina shi, suna ganin ƙauyanci gare shi, harshensa ma Punjabanci ya yi masa nauyi. Manyan 'yan wasa mata suka riƙa ƙin fitowa tare da shi. Saboda haka aka haɗa shi da wata yarinya da ba ta yi suna ba tukuna, Mumtaz, suka yi fim 16 tare, daga baya ita ma ta zama tauraruwar da ake rububi. Fina-finan nan ba na masu kuɗi ba ne. Masu kallonsu su ne lebura da ɗan dako da direba da baƙauyen da ya shigo birni, watau dai mutanen da suka saba sayen tikitin kallonsa a fage. Da jama'arsa ya shigo fim, shi ya sa raini bai kayar da shi ba.

Hausawa na cewa in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A ganina nan ne hikimar mutumin nan ta fi fitowa. Da ya ga kasuwar fina-finan ƙarfafa ta fara ja da baya, shekaru kuma sun fara hawa, bai tsaya jayayya da zamani ba. A 1970 ya karɓi ƙaramin matsayi a Mera Naam Joker na Raj Kapoor, a shekarar kuma ya shirya fim nasa na kansa da harshensu na Punjabi, Nanak Dukhiya Sub Sansar. A 1978 ya kafa ɗakin shirya fim mai suna Dara Studio a garin Mohali na Punjab. Daga jarumi ya koma uban jarumi, kamar a Mard ɗin nan da muka kalla, inda ya fito a Raja Azad Singh, sarkin da ya tsare jirgin saman Turawa da igiya, ya kuma rubuta wa jaririnsa kalmar "namiji" a ƙirji da wuƙa. Daga uba ya koma kaka, kamar a Jab We Met na 2007.

Matsayin da ya fi ɗaukaka shi a idon Indiyawa shi ne na Hanuman, wani abin bautar Hindu mai siffar biri, wanda 'yan kokawarsu suka ɗauka uban gidansu. Ya fito a wannan matsayi a fim ɗin Bajrangbali a 1976, sa'an nan a wasan talabijin na Ramayan wanda Ramanand Sagar ya shirya, aka nuna daga 1987 zuwa 1988, lokacin yana dab da shekara 60. A 2003 aka naɗa shi ɗan majalisar dattawan Indiya, Rajya Sabha, ya zauna har 2009, kuma shi ne ɗan wasan motsa jiki na farko da aka yi wa wannan naɗi. Ya mutu a gidansa a Mumbai ran 12 ga Yuli, 2012, yana da shekara 83. Ya bar littafin tarihin rayuwarsa da ya rubuta da harshensu, ya bar fina-finai fiye da 100.

Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. A Meziko an yi El Santo, mai rufe fuska, wanda ya yi fim wajen 50. A Amurka akwai Dwayne Johnson, wanda ya tashi daga dandamali ya zama jarumi a The Scorpion King a 2002. Kusa da mu ma, a Senegal, ɗan kokawar nan Mohamed Ndao, mai laƙabin Tyson, ya fito a fim ɗin L'Appel des arènes na 2006, wanda aka ɗauko daga littafin Aminata Sow Fall.

Mu Dawo Gida

To, yanzu sai mu dubi namu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fagen kokawa a Boɗinga ko Shagari ya san ɗan kokawarmu ba kamawa kaɗai ya iya ba. Dubi yadda yake shigowa da walki da guraye da kambuna, yana taku ɗai-ɗai. Dubi yadda yake tsayawa gaban makaɗi, a kira masa iyaye da kakanni, jikinsa ya ɗauki tsuma, ya ɗaga hannu ya yi kirari har muryarsa ta dushe. Dubi yadda yake tsugunawa ya ɗebi ƙasa ya shafa, yana harara abokin karawa, 'yan mata na guɗa. Duk wannan wasan kwaikwayo ne cikakke, da sutura da kiɗa da zance da 'yan kallo. Bambanci ɗaya ne, kuma shi ne abin alfaharinmu: mu ƙarshen wasanmu ba a tsara shi. In an yi maka taɗiya ka tafi ƙasa, ka tafi ke nan, ba wanda ya rubuta.

Amma ina ɗan kokawarmu yake zuwa in ƙarfi ya ƙare? Na ga amsar a gidanmu. Kawu ya sami riguna da kuɗi da awaki a fage, har an taɓa ba shi sa, amma duk sun bi ta hannun makaɗa da malaman tsibbu da abokan tafiya. Da gwiwa ta ƙi, ya koma gonarsa da 'yar kasuwar hatsi. Samarin da suka taso daga baya suna wuce shi a bakin hanya, ba su san wannan tsoho mai ɗingishi shi ne wanda garuruwa ke kwana da fargabar zuwansa ba. Da ya rasu ba mu sami hotonsa ko ɗaya a fage ba. Walkinsa gara ta cinye a rumbu. Kirarinsa kuwa ya bi makaɗinsa kabari. Yau in ina so in ga Dara Singh yana saurayi, sai in taɓa waya in gan shi. In ina so in ga kawuna, sai dai in rufe ido.

Ba a ce ko'ina haka abin yake ba. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun yi mana fintinkau. Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, suka kafa gasar kokawa ta ƙasa, aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Saboda gasar tana da tsari, ana watsa ta a rediyo da talabijin, sunayen irin su Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade na Tawa sun zauna daram, mawaƙa irin su Sagalo sun daɗa kafa su. Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobinsa na 6 a Agadas a ƙarshen 2023, ko yaro ya san fuskarsa. A wajenmu kuwa, in ka cire bukukuwa irin na Argungu da 'yan gasannin da akan shirya jefi-jefi, kokawar ƙauye ta dogara ne ga bakin makaɗi kurum. Shago ma, da ya fi kowa suna a dambe, ai Ɗan'anace ne ya raya shi, shi ma Ɗan'anacen faifai da kaset ne suka raya muryarsa.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne na masu shirya fina-finanmu. Tun da 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin Hausa ya bunƙasa ƙwarai, kuma kowa ya san ya yi koyi da na Indiya. Amma me aka ɗauko? Soyayya da rawa da waƙa. An manta cewa Indiyawan nan da muke kwaikwayo sun shiga fagen kokawarsu sun ɗauko ɗan manomi sun mai da shi jarumi. Ba kasafai za ka ga an yi haka a wurinmu ba, alhali ga mazaje nan birjik daga Sakkwato har Damagaram, masu jiki da murya da kwarjini, waɗanda tun suna yara suka saba tsayawa gaban taro ba tare da kunya ba. Ga kuma labarai a fagen kansa: gaba tsakanin gari da gari, amana tsakanin ɗan kokawa da makaɗinsa, da ranar da yaro zai kayar da maigidansa.

Kammalawa

Abin da na fahimta daga tarihin Dara Singh shi ne, ƙarfi aro ne, kowane ƙato da ranar da zai mayar. Abin da ya bambanta shi da kawuna ba faɗin ƙirji ba ne. Shi ya sami masana'antar da ta ɗauki hotonsa, ya kuma yi wa kansa tanadi tun ƙarfi bai tafi ba, ya yarda ya zama uba da kaka a lokacin da ya dace. Kawu kuwa ba shi da inda zai kai ƙarfinsa sai fage, fage kuwa ba ya ajiya.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai na wannan ƙungiya, ni da na daɗe da barin aji. Mu a zamaninmu rakoda sai mai hali, ku kuwa kowannenku na yawo da na'urar ɗaukar hoto da murya a aljihu. In an yi hutu kun koma gida, ku nemi tsofaffin 'yan kokawa da makaɗansu, ku gaishe su da ladabi, ku zauna ku ɗauki kirarinsu da taken kowannensu da sunayen kamu da na kaye, da garuruwan da suka je da waɗanda suka kara da su. Ku rubuta, ku kawo wa sashenku a ajiye. Masu baiwar rubuta wasa a cikinku su gina labari a kan fage, in an tashi ɗauka kuma a nemo ɗan kokawa na gaske a ba shi matsayin. Mai ido irin na kawu zai gane bambancin tun daga yadda aka ajiye ƙafa.

Allah ya jiƙan kawu da sauran mazajen da suka riga mu gidan gaskiya, ya sa mu cika da imani. Wassalam.